Makamin da Ba Ya Zubar da Jini: Bugun Lantarkin Nukiliya a Ma'aunin Shari'a

Daga cikin mas'alolin da kimiyyar yaƙi ta haifar a ƙarni na 20, akwai wadda har yanzu ba ta samu cikakken zama a zaurukan karatu na ƙasar Hausa ba, alhali kuwa amsarta ta shafi duk garin da ruwansa da maganinsa da cinikinsa suka rataya a kan wayar lantarki. Mas'alar ita ce hukuncin makamin da ba ya rushe gini, ba ya kuma zubar da jinin kowa a sa'ar da aka yi amfani da shi, sai dai yana iya lalata na'urorin ƙasa guda cikin ƙiftawar ido. Bam ɗin nukiliya yana zama irin wannan makami idan aka tayar da shi can ƙololuwar sama, domin daga wannan nisa zafinsa da rugugin iskarsa ba sa isowa ga mutanen ƙasa, in ban da hasken da kan lahanta idon wanda ya kalle shi kai tsaye. Abin da ke saukowa shi ne wani bugu mai ƙarfi na lantarki da maganaɗisu, wanda za a riƙa kira bugun lantarki a taƙaice. Akwai masu ganin cewa makamin da ya bar rayuka ya kashe na'urori ya fi sauran makamai sassauci, saboda haka bai cancanci tsananin hukuncin da ake yi wa makaman ƙare-dangi ba. Ba za a iya auna wannan ra'ayi da adalci ba sai an san yadda bugun yake aiki, da abin da ya riga ya aikata, da kuma nauyin da na'urorin suke ɗauke da shi a rayuwar talaka.

Yadda bugun yake aukuwa

Da zarar bam ɗin ya tashi, abin da ke fara fitowa daga cikinsa shi ne hasken gama, wato wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ya fi hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ƙarfin ratsa abu. Tunda babu iska mai kauri a can sama da za ta tare shi, sai ya gangaro har ya iso tsakanin kilomita 20 zuwa 40 daga doron ƙasa, inda yake karo da ƙwayoyin zarrar iska, ya fizge musu ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu a cikin waya shi ne wutar lantarki. Masanin kimiyya Arthur Compton ne ya bayyana wannan karo a 1923. Ita kuma duniya tana da nata maganaɗisu, wanda shi ne ke juya allurar kamfas zuwa arewa, kuma shi ne ke lanƙwasa tafiyar waɗannan ƙwayoyi marasa iyaka a lokaci guda, lanƙwasar da ke haifar da igiyar rediyo mai tsananin ƙarfi da ke sauka a kan duk ƙasar da ake hangowa daga inda bam ɗin ya tashi. Conrad Longmire na cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ne ya warware wannan lissafi a 1963.

Masana sun kasa bugun kashi uku gwargwadon saurinsa. Kashi na farko, wanda suke wa laƙabi da E1, yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan ɓangarori kaɗan na daƙiƙa ɗaya da aka raba gida biliyan, kuma ƙarfin nan yana iya kai bolt 50,000 a kowace mita, alhali taransistocin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu an gina su ne domin su yi aiki da bolt da bai wuce biyar ba. Duk wani ƙarfe mai tsawo, ko wayar wuta ce ko eriya ko wayar tarho, yana tattara bugun ya zuba shi cikin na'urar da ke maƙale da shi, kamar yadda faɗin rufin soro ke tattara ruwan sama ya tura shi ta indararo guda. Idan wannan wuta ta shiga guntun silikon da aka zana dubban hanyoyi a kansa, waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, sai ta narkar da mahaɗa ko ta huda siririn shingen da ke raba hanya da hanya, kuma sau da yawa tana riga na'urar kariya ta yau da kullum isa, domin an ƙera kariyar ne da saurin aradu a zuciya. Kashi na biyu, E2, ya yi kama da aradu, haɗarinsa kuwa shi ne yana zuwa ne bayan na farko ya riga ya raunana kariyar.

Kashi na uku, E3, shi ne mafi jinkiri, domin yana ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa har zuwa 'yan mintoci, kuma yana samuwa ne saboda ƙwallon wutar bam ɗin yana ture maganaɗisun duniya gefe kafin ya koma mazauninsa. Wannan motsi yana haifar da wuta mai gudu ta fuska ɗaya a cikin dogayen layukan lantarki masu ɗaruruwan kilomita, ita kuwa taransifoma an gina ta ne domin wutar da ke kai da komo, sau 50 a daƙiƙa a tsarin Nijeriya. Idan baƙuwar wutar ta shige ta, sai ƙarfen tsakiyarta ya cika da maganaɗisu fiye da abin da zai iya ɗauka, ta yi zafi, rufin wayoyin tagullarta ya lalace. Rana ma tana aiko da irin wannan bugu idan ta yi aman wuta, kamar yadda ya faru ranar 13 ga Maris, 1989, lokacin da lardin Kebek na Kanada ya rasa wuta cikin ƙasa da minti biyu, mutane kimanin miliyan shida suka shafe kusan awa tara a duhu.

Abin da gwaji ya nuna

Shekarar 1962 ita ce shekarar da duniya ta ga wannan al'amari ƙuru-ƙuru. Ranar 9 ga Yuli Amurka ta tayar da bam mai ƙarfin megatan 1.4, wato daidai da tan miliyan 1.4 na nakiya, a nisan kilomita 400 saman tsibirin Johnston da ke tekun Fasifik, a gwajin da aka sa wa suna Starfish Prime. A Hawai, mai nisan kimanin kilomita 1,400, fitilun titi kusan 300 suka mutu, ƙararrawar ɓarayi ta yi ta kaɗawa a gine-gine, wata tashar sadarwa ta lalace, sannan ƙwayoyin da suka maƙale a sararin samaniya suka ci gaba da cinye taurarin ɗan'adam na tsawon watanni, ciki har da Telstar 1. Ranar 22 ga Oktoba, ana tsakiyar rikicin makamai masu linzami na Kuba, Tarayyar Sobiyet ta tayar da nata mai ƙarfin kilotan 300 a nisan kilomita 290 saman Kazakistan, inda maganaɗisun duniya ya fi na tsakiyar Fasifik ƙarfi. Bayanan da masanan Rasha suka fitar bayan rushewar Tarayyar sun nuna cewa bugun ya ƙone dukkan fis ɗin wani layin tarho mai tsawon kilomita 570, ya shafi wayar wuta da aka binne a ƙasa mai tsawon kilomita 1,000, ya kuma jawo gobara a tashar lantarki ta Karaganda. Duk wannan ya faru ne a zamanin da yawancin na'urori ke aiki da kwalaben bawul masu juriya, kafin silikon ya mamaye komai.

Abin da ke rataye a kan waya

Kwangila da ke Zariya, inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta haye ta gada a kan hanyar da ta nufi Samaru da Shika da Funtua, wuri ne da ake iya ganin dogaron jama'a ga lantarki a fili. A gindin gadar 'yan kamasho na kiran fasinja, amma fasinjan da yawa ba sa biyan kuɗin mota sai sun tsaya wurin mai POS da ke zaune ƙarƙashin laima, wanda 'yar na'urarsa ba ta da amfani idan babu sabis, sabis kuma ba ya samuwa sai turken sadarwa na aiki, turken kuma yana jiran janareta ko batir. Mai cajin waya yana jere da allon soket mai ɗauke da wayoyi da dama, kowace da lambarta a manne, direba yana jiran kiran mai kaya, gidan mai kuma ba ya iya fitar da lita ɗaya daga tankin ƙasa sai da famfon lantarki. Wanda ya bi hanyar ya wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964 kuma aikinta duka ya dogara da rediyo, zai isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda kwalabar bakwaini da injin wankin ƙoda da firjin ajiyar jini duk suke numfashi da lantarki.

Ana iya cewa mutanen da suka saba da ɗauke wuta ba su da abin tsoro, amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna akasin haka. A watan Oktoban 2024, bayan lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da katsewar layin Ugwuaji zuwa Apir, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, ruwan 'yan garuwa da niƙa da caji suka yi tsada, duk da haka an rayu, domin janareta da sola da waya da banki suna nan suna aiki. A watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda dalilan tsaro, mutane sun riƙa yin doguwar tafiya domin su yi kira ko su tura kuɗi, wannan ma ya yiwu ne saboda akwai garin da ke da sabis a kusa. Bugun lantarki yana barazana ga wutar da abin da ake maye gurbinta da shi a lokaci guda, domin inbata da na'urar daidaita cajin sola su ma silikon ne a cikinsu. Bam ɗin da ya tashi a nisan kilomita 400 yana hango da'ira mai nisan kusan kilomita 2,200 ta kowace fuska, wanda in daga Zariya aka auna zai haɗa da Bamako da Akara da Agadas da Injamena, ke nan babu maƙwabcin da za a gudu wurinsa.

Ma'aunin fiƙihu

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe hanyoyi biyu na halakarwa. Ta farko ita ce mubashara, wato mutum ya aikata ɓarnar da hannunsa ba tare da wani abu a tsakani ba, ta biyu kuma tasabbubi, wato ya samar da sanadin da bisa al'ada yake kaiwa ga ɓarnar, kamar wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya lissafa dukkan biyun cikin dalilan da ke wajabta lamuni, wato biyan abin da aka lalata. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya har gobe, ya sanya hana mutum abinci da nufin halaka shi cikin nau'o'in kisan da ke jawo ƙisasi, kafaɗa da kafaɗa da shaƙe wuya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu yana tabbatar da wannan asali, domin matar ba ta ɗaga wuƙa ba, hanyar rayuwa kawai ta toshe. A bisa wannan, rashin ganin jini a daƙiƙar farko ba ya wanke wanda ya san cewa jaririn da ke cikin kwalaba da mai ciwon ƙoda da garin da famfunansa suka tsaya za su biyo baya cikin kwanaki.

Imam Gazali da Imam Shaɗibi bayansa sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma sun kasa maslahohi hawa uku: larurori, waɗanda rayuwa ba ta tsayawa sai da su, da buƙatu, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da abubuwan kyautatawa. Abu ɗaya yana iya tashi daga wani hawa zuwa wani idan zamani ya sauya. Lantarki a farkon zuwansa ƙasar Hausa ado ne na gidajen Turawa da ofisoshin gwamnati, daga baya ya zama buƙata, a yau kuwa a ɗakin tiyata da gidan ruwa ya zama larura, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa hanyar da ake bi zuwa ga abu tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi wa kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, sannan ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rusa wuraren zama da yanka dabbobi ba domin ci ba. Haɗa waɗannan hane-hane wuri guda yana nuna cewa kare wanda ba ya yaƙi bai cika ba sai an kare abin da yake rayuwa da shi, kuma abin da dabino da raƙumi suke ga mutanen wancan zamani shi ne taransifoma da famfo da turken sadarwa suke ga mutanen yau.

Hujjojin masu sassautawa

Hujja ta farko ita ce an yi amfani da majaujawa a kewayen Ɗa'ifa, an kuma sare wasu dabinan Banu Nadir, kuma mafi yawan malamai sun halatta lalata dukiyar abokin gaba idan larurar yaƙi ta tilasta, duk da cewa Imam Auza'i ya ƙi hakan. Wannan gaskiya ne, sai dai waɗannan ayyuka suna da iyaka ta wuri da ta lokaci, kuma linzaminsu yana hannun mai aikata su, domin wanda ya kewaye ganuwa yana iya janyewa a ranar da aka nemi sulhu. Wanda ya saki bugun lantarki ba ya iya kiran sa ya dawo, ba ya iya ware barikin soja daga asibiti, ba ya ma iya ware ƙasar da yake yaƙa daga maƙwabciyarta wadda ke da alƙawarin zaman lafiya da shi. Babbar taransifoma kuwa takan ɗauki shekara ko fiye kafin a ƙera ta, ke nan ukubar za ta daɗe bayan an ajiye makamai.

Hujja ta biyu ita ce ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, wato kashe na'urori ya fi abin da ya sami Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945 sauƙi. Ƙa'idar tana aiki ne ga wanda aka ritsa tsakanin cuta biyu babu mafita ta uku, alhali barin makamin gaba ɗaya mafita ce a buɗe. Bugu da ƙari, ƙasar da aka makantar da na'urorinta ba ta da hanyar sanin ko wani harin na tafe, kuma layukan da shugabanni za su yi magana ta cikinsu domin tsayar da yaƙi suna cikin abin da aka lalata. Saboda muhimmancin irin wannan layi ne Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kafa hanyar tuntuɓa ta kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko a 1963.

Hujja ta uku ita ce ɓarnar ba ta da tabbas, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya. Ƙananan na'urorin da ba a jona da doguwar waya ba suna iya tsira, kuma hukumar da majalisar dokokin Amurka ta kafa domin nazarin wannan barazana ta gwada motoci 37, inda uku kacal injinsu ya mutu, su ma aka sake tayar da su. Masana har yanzu suna saɓani game da yawan taransifomomin da za su ƙone. Amma rashin sanin iyakar ɓarna hujja ce a kan mai harbawa, domin wanda ya haƙa rami a hanya bai san wanda zai faɗa ba, kuma wannan jahilci bai taɓa sauke masa lamuni ba. Malikiyya sun shahara da toshe kafar ɓarna, wato hana abin da galibi yake kaiwa ga haram tun kafin ya kai, babu kuwa kafar da ta fi cancantar toshewa kamar wadda ake caca da rayukan miliyoyi a cikinta.

Kammalawa

Dokokin duniya sun doshi wannan matsaya ta tasu hanyar. Yarjejeniyar 1963 ta hana gwajin nukiliya a iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa, ta 1967 ta hana girke irin waɗannan makamai a falaki, ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 kuma ya hana kai hari kan abubuwan da farar hula ba sa rayuwa sai da su. Nijeriya tana da tarihi a wannan fage, domin a watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwaje-gwajen nukiliya da ta fara a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu, 1960, kuma ranar 6 ga Agusta, 2020 ƙasar ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya.

Laifin ba na ilimin ba ne. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi da ke Samaru akwai ƙaramar tukunyar nukiliya mai ƙarfin kilowat 30 da ta fara aiki a 2004, ana tantance ma'adinai da samfurin ƙasa da ita, ana horar da ɗalibai, kuma a 2018 aka sauya makamashinta zuwa yuraniyom mara ƙarfi aka mayar wa Sin da tsohon, wanda irinsa ne ake iya ƙera makami da shi. Masu irin wannan ilimi ne ke ɗauke da farillar kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, na kare al'umma ta hanyar killace muhimman na'urori cikin akwatin ƙarfe irin wanda Michael Faraday ya gwada a 1836, da kyautata wayar da ke kai wuta ƙasa, da ajiye taransifomomin ko-ta-kwana, da barin rijiyoyin tuƙa-tuƙa da kundin takarda a raye, matakan da ke amfani ko da bam bai taɓa tashi ba, tunda aradu da aman rana suna nan. Hukuncin makamin kansa kuwa a bayyane yake: kisa ne ta hanyar sanadi, wanda ba ya bambance mayaƙi da majinyaci, kuma tayar da shi a kan jama'a ɓarna ce a bayan ƙasa wadda shari'a ta haramta.